Kafin ka sayi loft da ba a gyara ba a New York

A unguwannin SoHo da Tribeca na Manhattan akwai tsoffin masana'antu da rumbunan kaya na ƙarni na 19 waɗanda aka mayar gidajen zama. Kowane hawa fili ne fetal, ga rufi mai tsayi, ga manyan tagogi, ga ginshiƙai jere a tsakiya. Shi ake kira loft. Wanda ba a gyara ba ya fi sauƙin kuɗi, shi ya sa yake jan idon baƙo. Sai dai ba kamar sayen kango a Kano ko Maraɗi ba ne, inda za ka biya yau ka kira birkila gobe. A nan sai takarda ta ba da izini kafin a ɗaga guduma.

Fara da takardar izinin zama, wadda Sashen Gine-gine na birnin yake bayarwa, ana ce mata Certificate of Occupancy. Kana iya dubawa kyauta a shafinsu da adireshin ginin. In ta nuna hawan na masana'anta ne ko na kasuwanci, ba ka da hurumin kwana a ciki ko da mai sayarwa ya shekara 20 yana kwana, kuma da wuya banki ya ba ka bashi a kansa. Wasu gine-ginen har yanzu suna ƙarƙashin dokar loft ta 1982, wato ba a gama halatta zama a cikinsu ba. A SoHo kuma akwai loft ɗin da aka keɓe wa masu zane da sauran masu fasaha da hukuma ta tantance. Lauyanka ya tabbatar da matsayin naka kafin ka ajiye kuɗin kafin alƙalami, wanda yawanci kashi 10 cikin ɗari ne.

Da yawa daga cikin waɗannan gine-gine na haɗin gwiwa ne, ko'of. Hannun jari kake saya a kamfanin da ya mallaki ginin, kwamitin mazauna ne zai amince da kai, shi ne kuma zai amince da gyaran. Nemi yarjejeniyar gyara ka karanta tun kafin ciniki. In ta hanyar da babu kuɗin ruwa za ka biya, tambayi masu ba da kuɗin tun farko ko suna karɓar irin wannan gini.

Wurin da mutane suka fi yin asara shi ne bututu da taga. Bayi da kicin suna ɗaure ne da babban bututun da ya ratsa ginin daga sama zuwa ƙasa. Ƙaramin bututun ƙazamin ruwa yana buƙatar gangare na kwatan inci a kowace ƙafa, don haka in ka nisanta kicin ƙafa 20, gangaren kaɗai ya ci inci 5, sai an ɗaga daɓe. Kwamitoci da yawa ma sun hana a sa bayi a saman ɗakin kwana ko falon maƙwabcin da ke ƙasa. Ita kuwa taga, yawancin waɗannan gine-gine dogaye ne sirara, tagoginsu gaba da baya kawai, tsakiya duhu. Doka ba ta lissafa ɗaki a matsayin na kwana sai yana da tagar da ke buɗewa waje. Mai iyali da yake tunanin yanka ɗakin yara maza, na mata, da na baƙi, ya ƙirga tagogi tukuna, kada faɗin wurin ya ruɗe shi.

An ayyana SoHo unguwar tarihi a 1973, don haka hukumar kula da gine-ginen tarihi tana da ta cewa. Ba ka canza taga ko huda bangon waje don na'urar sanyaya ɗaki sai da izininta, kuma ko gyaran ciki ne, muddin yana buƙatar izinin Sashen Gine-gine, sai ta fara sa hannu.

Ginin da aka yi kafin 1 ga Afrilun 1987 sai an gwada shi don asbestos, wani tsohon kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu, kafin a ba da izinin aiki. Yakan ɓuya a naɗin bututun ɗumama gida da tsoffin tayil. A gwada fentin ma don dalma, musamman in akwai ƙananan yara. Mai aikin lantarki ya duba ƙarfin wutar da ke shigowa, domin ƙara ta yakan nufin jawo sabuwar waya tun daga ƙarƙashin ginin.

Karanta bayanan zaman kwamiti na shekara 2 ko 3. Ginin da ya haura hawa 6 dole a binciki fuskarsa duk shekara 5, kuma kuɗin gyaranta a kan mazauna ake rabawa. Saka a lissafinka harajin kashi 1 cikin ɗari da mai saye ke biya daga dala miliyan 1, wanda ke ƙaruwa in farashi ya hau, da kuɗin hayar inda za ku zauna har a gama aiki, domin jiran izini kaɗai yakan ci watanni.