Darasi na 9: Idan Injin Jirgin Ruwa Ya Ɗau Zafi

Injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan da jirgin ke tafiya a kai shi yake zuƙa ya sanyaya jikinsa, sannan ya fitar da shi. Saboda haka duk ranar da ya ɗau zafi, tambayar farko ita ce: a ina ruwan ya tsaya?

Ga hanyar da ruwan ke bi. A ƙafar injin, kusa da farfela, akwai 'yan ramuka masu rariya. Ta nan yake shiga. Sama da su akwai ƙaramin famfo, a cikinsa akwai wata roba mai fukafukai da makanikai ke kira imfela. Ita ke tura ruwa ta bututu har kan inji. A can akwai tamosta, wata 'yar ƙofa da zafi ke buɗewa, sanyi ya rufe. Yawancin ruwan tare da hayaƙi yake fita, kaɗan kuma ya tsarto ta wani ɗan rami a gefe. Wannan siririn ruwa za mu kira shi fitsarin inji, don da shi ya yi kama. Direba nagari yakan waiga ya dube shi da zarar ya tayar da inji, yana kuma waigawa a kan hanya.

Abin da za ka fara yi

Inji yakan faɗi damuwarsa. Wani ya yi ƙara ta gargaɗi, wani ya rage gudu da kansa, wani ka ga tururi ko ka ji ƙaurin roba. Rage wuta nan take, ka cire giya, ka dubi fitsarin. In babu, ko yana ɗigowa da ƙyar, kashe injin. Kada ka ce bari in lallaɓa, ai gaɓa ta kusa. Gara ka ƙarasa da filafili. In ruwa na da ƙarfi a wurin, jefa anga tukuna. Kuma kada ka kwara wa kan inji ruwan sanyi yana da zafi, ƙarfen na iya tsagewa.

Daga ƙasa ake farawa

Ɗaga ƙafar injin ka duba rariyar. Leda, ciyawa, kainuwa, laka, kowanne na iya toshe ta. Leda ta fi su wayo. Muddin inji na zuƙa tana manne, da ka kashe sai ta saki ta yi gaba abinta. Kai kuma ka ɗaga ka ga babu komai, ka shiga zargin inji. Don haka in ka tarar da rariya fes, bar injin ya huce, ka mayar da ƙafar cikin ruwa, ka sake tayarwa. In fitsari ya dawo da ƙarfinsa, tafi a hankali kana lura.

In bai dawo ba, wataƙila ramin fitsarin ne kawai ya toshe. Zura masa igiyar kamun kifi mai kauri ko siririyar waya. Yashi kan cika shi, kuma in inji ya daɗe a ajiye, zanzaro kan yi gini a ciki.

Imfela

Nan mafi yawan matsalar take. Roba ce, kuma ruwa ne ke hana ta ƙonewa. Wanda ya tayar da inji a tudu, wai don ya ji ƙararsa, zai iya kashe ta cikin ƙasa da minti 1. Wanda ke yawan kutsawa cikin ruwa marar zurfi, yashi zai cinye masa ita a hankali. Ko ba a aiki da injin, robar na bushewa, fukafukan su lanƙwashe su ƙi miƙewa. Alamar wadda ta fara gajiya ita ce inji ya yi zafi a ƙaramar wuta, amma ya huce in an ƙara gudu.

Sai an kwance ƙafar injin ake kai mata. In ka buɗe ka ga wani fiffike ya gutsure, kada ka sa sabuwa ka rufe. Nemo guntun. Yana nan a maƙale cikin bututu ko wajen tamosta, kuma zai sake tare ruwa. Duba kwanon da take juyawa a ciki, in ya yi zane-zane masu zurfi shi ma a canza shi. Wajen mayarwa, kada ka manta ɗan ƙarfen da ke kulle ta a jikin sandar da ke juya ta, in babu shi sandar za ta yi ta juyawa roba na tsaye. A duba ta sau 1 a shekara, kuma a ajiye sabuwa a cikin jirgi.

Ga wani abu da ke ruɗar mutane: fitsari na zuba da kyau, amma inji na zafi. A injuna da yawa ruwan fitsarin na fita ne tun kafin ya kai ga tamosta, don haka shaidar famfo kawai yake bayarwa. Ciro tamostar ka sa ta a tukunyar ruwa a kan wuta. Mai lafiya za ta buɗe tun ruwan bai tafasa ba. Wadda ta ƙi buɗewa a canza ta. Wasu sukan cire ta su jefar, su ce sun huta. A ganina wannan gyaran gangar auzinawa ne, domin injin da bai kai zafin aikinsa ba ya fi shan mai, filoginsa na yin baƙi.

Wani lokaci laifin ba na ruwa ba ne. An rataya injin sama da yawa har rariya na shaƙar iska, ko an yi wa jirgi lodi fiye da kima, ko an ƙwange baƙin mai a injin da ake haɗa masa da fetur. Da yawa mudu 50 na fetur ne ga mudu 1 na mai, amma bi abin da aka rubuta a littafin injinka.

Manyan jiragen da injinsu ke ciki suna da ruwa iri 2, na waje da na ciki. A nasu sai a ƙara duba famfon shigar ruwa, da rariya, da fambel, da tiyo. Kada a buɗe murfin ruwan ciki da zafi, tururinsa na sale fata.

In ka ga baƙin mai ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ko ka ciro filogi ka ga ɗigon ruwa a jikinsa, to ruwa ya shiga inda bai kamata ba, galibi gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Wannan aikin makanike ne. Kada ka sake tayarwa.

Aikin yi

Ku je wurin inji ku biyu-biyu. Ɗaya ya nuna hanyar ruwa da yatsa tun daga rariya har ramin fitsari, ɗayan ya rubuta sunan kowane wuri a littafinsa. Sannan ku yi musaya.