Yadda na gyara tankin ƙasa ya zama gidan tarwada a Aboabo, Ghana

Zubin farko ya mutu cikin kwana 3. Sabon siminti ne ya tayar da pH (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa), ga murfi ya toshe iska.

Na fasa rabin murfin, na sa raga. Kafin shiga ciki a bar shi a buɗe ya sha iska, gurɓatacciyar iska tana taruwa a ƙasa. Na jiƙa tankin mako 2, ina zubar da ruwan duk kwana 3, har pH ya sauko 7.5. Ruwan famfo sai ya kwana 2 sinadarin kulorin ya fita.

Tankin ba shi da magudana, don haka famfon nutso (injin jan ruwa da ake nutsawa ciki) ke zuƙe kashin kifin da ya taru a ƙasa, sulusin ruwa duk kwana 2. Tarwada 50 a kowace lita 1,000 na zuba. Ban zuba karfasa ba domin ba ta jure ƙarancin iska.