Yadda Ake Zaɓen Ƙaramin Injin Zarto Na Yankan Ado Da Aiki Da Shi

Wannan injin na kan tebur siririn ruwan zarto gare shi, tsawonsa inci 5, yana hawa da sauka ta wata 'yar ƙofa a tsakiyar teburin. Da shi ake yanka haruffa da furanni da kayan wasan yara, wato duk yankan da ke da lanƙwasa. Ba a tsaga katako da shi, kuma kaurin da yake iya ci bai wuce inci 2 ba.

Wajen saye, fara duba abin da ke riƙe ruwan. Akwai ruwa mai ɗan fil a kowane kai, akwai mara fil da ake matsewa da dunƙule. Mai fil ya fi sauƙin sakawa, amma yana da faɗi, kuma in za ka yi yanka a tsakiyar katako sai ka huda rami na kamar milimita 5 kafin ya shiga. Mara fil yana ratsa ramin milimita 1 zuwa 2, shi ya sa aiki mai laushi ba ya yiwuwa sai da shi. Injin da ba ya karɓar mara fil, a ganina, asarar kuɗi ne. Tazarar ruwa zuwa bayan injin inci 16 ta ishi mai koyo, kuma ka nemi mai maɓallin rage gudu. Idan na hannu ne daga Amurka, karanta lambar jikinsa: nasu na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230, in babu tiransifoma zai ƙone.

Ruwan lamba-lamba ne. Lamba 3 ta dace da falankin milimita 6, lamba 5 da na 12 zuwa 19, lamba 7 ko 9 da mai kauri. Sayi dozin, domin karyewa dole ne.

Saka ruwan haƙoransa na fuskantarka, bakinsu na kallon ƙasa. Idan ka juya shi, katakon zai riƙa tsalle daga teburin. Ɗaure shi, sannan ka taɓa shi kamar tsirkiyar gurmi: ya ba da sauti siriri, kuma kada ya kauce gefe fiye da milimita 3 in ka tura da yatsa. Sako-sako yana baudewa daga layi, wanda ya yi tsauri da yawa kuma yana tsinkewa. Duba da sikwaya, wato ma'aunin kusurwa, cewa ruwan ya tsaya cak a kan teburin bai karkace ba.

Manna takardar zanen a kan katakon, ka rufe da farin salatif wanda ake ganin zanen ta cikinsa. Yana rage gogayya, katakon ba ya ƙonewa. Yanka na ciki tukuna: huda rami, kwance kan ruwan na sama, zura shi ta ramin, sake ɗaurewa. Gefen waje a ƙarshe, don ka sami wurin riƙewa.

Turi shi ne inda masu koyo suke ɓata aiki. Danne katakon da hannu biyu, yatsu a gefe, ba a gaban ruwa ba, ka tura a hankali gwargwadon yadda haƙoran ke ci. In ka matsa da ƙarfi, ruwan zai lanƙwashe a cikin katako, saman yankan ya bi layi, ƙasan ya karkace. A kwana, daina turawa, ka juya katakon a kan ruwan injin na gudu. Yawancin ruwa yana ja zuwa dama saboda yadda aka buga haƙoransa, don haka karkata katakon kaɗan maimakon tura shi gefe.

Warin ƙuna ko baƙin tabo alama ce ruwan ya dakushe ko gudun ya yi yawa. Tsagewar ƙasan falanki kuwa, ruwa mai 'yan haƙoran ƙasa masu kallon sama ke maganinta. Sa tabarau da takunkumi, musamman kan MDF, falankin da ake yi da garin katako da gam, ƙurarsa na cutar da huhu.