Ciwon huhu na bairas: inda ake tuntuɓe wajen karanta fararen ƙwayoyin jini

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a kalli jimillar fararen ƙwayoyin jini kawai a saki jiki. Fararen ƙwayoyin jinin babban mutum mai lafiya sukan kai 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikurolita (ɗan mitsitsin ma'aunin jini), to da an ga 7,000 a takardar gwaji sai a ce ai da sauƙi. Alhali bairas yakan bar jimillar yadda take, ya cinye wani rukuni a ciki.

Sauka ƙasa kaɗan a takardar, ka duba rabe-raben. A ce limfosait, rukunin da ke yaƙar bairas, kashi 8 ne cikin 100 na waccan 7,000 ɗin: 560 ke nan, kuma a babba duk abin da ya gaza 1,000 ya yi ƙasa. Kada a tsaya ga kason, a lissafa ainihin adadin. In kuma nutrofil, rukunin da ya fi yaƙar bakteriya, sun kai kashi 85, wato 5,950, to sun ninka limfosait fiye da sau goma, kuma irin wannan tazara ta sha bayyana ga waɗanda ciwon ya tsananta musu. An ga haka ƙarara a 2020, lokacin korona, tun daga rahotannin farko na asibitocin Sin. Ma'aunin yara daban ne fa, domin jarirai da ma limfosait ɗinsu sun fi na manya yawa.

Akwai kuma masu yanke hukunci da gwaji guda. Jinin da aka ɗauka ranar kwantar da mara lafiya labarin wannan ranar kaɗai yake bayarwa. A sake bayan kwana ɗaya ko biyu: limfosait na farfaɗowa ne, ko suna ƙara nutsewa?

Sai zancen magani, wanda ake yawan mantawa. Maganin rage kumburi Deksametason da danginsa suna ɗaga nutrofil, su sauke limfosait. Kafin a firgita, a tambaya me aka ba mara lafiyar, kuma yaushe.

Haka nan hauhawar adadi ba ta isa hujjar cewa bakteriya ce ba, har a ruga a rubuta antibayotik. Wani nau'in bairas mai suna adinobairas ma yana iya ɗaga shi. Wanda ya cancanci a yi zargin bakteriya ta shige shi, shi ne mai mura mai tsanani da ya fara samun sauƙi, sai zazzaɓi ya dawo, majina ta yi kauri, nutrofil suka tashi. Faɗuwar jimilla ƙasa da 4,000 kuwa ba abin murna ba ne, tana cikin alamomin tsanani.

Duk da haka, kada takarda ta sa a juya wa mara lafiya baya. Babban da ke numfashi sau 30 a minti, ko oksijin ɗinsa ya sauka ƙasa da kashi 90, ko ya fara rikicewa bai gane 'yan'uwansa, yana cikin haɗari ko da gwajin jininsa ya fito tas. A sa masa oksijin tukuna, a karanta takardar daga baya.