Katin tarot ya fito a juye: a karanta shi haka ko a miƙar da shi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon masu duban katin tarot a YouTube ko TikTok zai lura wani lokacin kati yana fitowa kai ƙasa ƙafa sama, wani mai duban sai ya miƙar da shi ya ci gaba abinsa, wani kuma ya tsaya ya ce ai tunda ya zo a juye to fassararsa ta canja. Su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba a kan wannan. Bari na faɗa tun yanzu, ni ban yarda wata takarda ta san abin da gobe za ta haifar ba, gaibu na Allah ne, kuma hukuncin duba a addini ba ɓoyayye ba ne. Amma mai son gane yadda abin ke tafiya, ko marubucin da zai saka mai duban kati a labarinsa, gara ya san shi daidai. Ga yadda masu yin suke yanke shawara.

Katunan 78 ne, manya 22, ƙanana 56 da suka kasu gida huɗu, kofuna da sanduna da takubba da sulalla. A arewacin Italiya aka fara su a ƙarni na 15 kuma wasa ake da su kamar karta, ba ruwansu da duba. Sai a ƙarni na 18 a Faransa aka mayar da su na duba, wani mutumin Faris da ake kira Etteilla shi ne a 1770 ya rubuta wa katunan karta fassara biyu biyu, ta miƙe da ta juye. Kenan mutum ne ya zauna ya tsara abin, wanda ya ƙi bi bai karya wata tsohuwar doka ba.

Farko a duba irin katin da ke hannu. Na Rider-Waite wanda ya fito a Landan a 1909, Pamela Colman Smith ta zana hoto cikakke a kan kowane kati, saboda haka da ya juye ido zai gani, kuma Waite, mutumin da ya tsara katin har aka sa masa sunansa, ya ba da fassarar juye. Na Marseille kuwa, wato tsohon samfurin Faransa, ƙananan katunansa masu lamba zanen takubba ko sulalla ko kofuna ko sanduna ne kawai a jere, wasu sai ka ƙura ido kafin ka gane ina sama ina ƙasa, shi ya sa da yawa cikin masu amfani da shi ba sa kula juyewa. Haka ma Lenormand, wani katin duba na daban mai kati 36, galibi a miƙe ake karanta shi.

In sabon shiga ne mutum, a ganina ya bar juyewa tukuna. Fassara 78 ma aiki ce, in ya ƙara ta juye ta koma 156, sai ya ƙare da hadda maimakon kallon hoton da ke gabansa. Masu cewa wai in ba juye komai zai fito da daɗi ba su duba da kyau ba, a katin Rider-Waite akwai Hasumiya da tsawa ta faɗa mata mutane na rikitowa, akwai Takubba Uku zuciya an soke ta, akwai Takubba Goma mutum kwance rub da ciki takubba goma a bayansa. Waɗannan ba sai sun juye ba.

Wanda kuma ya ce sai ya karanta na juye, to nan ne wajen da na fi damuwa da shi, ya zaɓi ƙa'ida ɗaya tun kafin ya garwaya katin. Ɗauki katin Rana, yaro ne a kan farin doki rana na haskawa a sama, a miƙe farin ciki ne da nasara. In ya juye wani zai ce kishiya ce wato baƙin ciki, wani ya ce a'a farin cikin na nan ƙarfinsa ne ya ragu, wani ya ce jinkiri ne, wani ya ce abin a zuci yake bai fito fili ba. Duka huɗun ana amfani da su. Matsalar ita ce mutum ya jira sai ya ga katin sannan ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi, Rana ta juye ya ce jinkiri ne kawai, Takubba Goma ta juye ya ce kishiya ce wahala ta ƙare, kaga kowane kati ya zama abin da ransa ke so, yaudarar kai ce wannan ba wani abu ba. Ya fi muni in wani ne zaune a gabansa cikin damuwa, ana jujjuya masa magana har tsoro ya kama shi a kan auren da bai mutu ba ko ciwon da likita ne ya kamata ya duba.

Sai aikin hannu. Sabon fakiti duk a miƙe yake zuwa, in ana son juye sai a raba shi biyu a juya rabi sannan a haɗa a garwaya, ko a baje su a kife kan tebur a cakuɗa da tafin hannu biyu a tattara. In an cakuɗa sosai kusan rabi za su fito a juye, wannan lissafi ne kawai, kar wani ya ga biyu cikin uku sun juye ya ce alama ce. Wajen buɗewa a buɗe ta gefe kamar shafin littafi, in ka ɗaga daga ƙasa zuwa sama kai da hannunka ka juya shi. A kuma yanke tun farko cewa ta ɓangaren mai karantawa ake kallo, don wanda ke zaune a ɗaya gefen teburin komai akasin haka yake gani. Bayan katin ma a lura, in zanen bayan yana da sama da ƙasa za a gane wanda ya juye tun bai buɗu ba, hannu kuma zai riƙa kauce masa.

Wanda ya zaɓi barin juyewa nasa mai sauƙi ne, ya jera katunan duka kai sama, ya garwaya ba tare da juya ko ɗaya ba, in wani ya kuskure ya fito a juye ya miƙar da shi shikenan ya ci gaba.