Yadda ake gwada wane irin sha'ir ne yake jure fumfunar ganye

Ita fumfunar nan da take hawa ganyen sha'ir kamar an barbaɗa masa gari, wadda masana ke kira Blumeria, ba kala ɗaya ba ce fa. Wadda ka ɗebo a wata gona sai ta cinye wani iri tas, ka sa ta a wani irin kuma ko gezau, ka ɗebo ta wata gonar sai lissafin ya juye. Don haka in za ka gwada kar ka tsaya kan samfur ɗaya, zagaya gonaki ka ɗebo, kowanne ka ware shi daban kuma daga tabo ɗaya tak za ka ɗauka.

Matsalarta bata rayuwa sai a kan ɗanyen ganye, dole ka shuka wani iri da ka san bashi da juriya ka dinga kiwonta a kai.

Sai ka shuka irarrakin da kake son gwadawa a ƙananan tukwane, bayan kamar kwana 8 zuwa 10 ka yanko ganyen farko gunduwa gunduwa kamar santimita 3, ka jera a faranti mai agar (wani abu ne mai daskarewa kamar jeli) da aka sa wa sinadarin benzimidazole don kar su yi rawaya da wuri. A kowane faranti ka sa ganyen wancan irin marar juriya, in shi bai kamu ba to gwajin ne ya lalace, ba wai sauran sun jure ba, nan mutane ke yaudarar kansu. Ka hura garin fumfunar na samfur ɗaya daga sama ya sauka daidai wa daida, ka rufe, ka goge hannu da tebur da sifirit kafin ka taɓa samfur na gaba don abin iska ke kwasarsa.

A ajiye wurin sanyi kamar digiri 18 zuwa 20 da haske. Bayan mako guda ka duba ka bada maki 0 zuwa 4, 0 ganye fes, 4 ya yi fari fat.

In ka samu irin da ya tsaya wa duk samfuran, bincika ko yana da ƙwayar gadon juriya da ake kira mlo, wadda aka samo a sha'ir ɗin Habasha da aka tattara a shekarun 1930, Turai take amfani da ita tun ƙarshen shekarun 1970 kuma har yanzu bata karye ba, alhali wasu juriyar shekara kaɗan fumfunar ke gano lagonsu. Amma dai maimaita gwajin ko sau uku kafin ka faɗa wa kowa.