Kurakuran da Masu Koyon Kek da Lemo Ke Yi da Kalar Abinci

Duk lokacin da na karɓi sababbin 'yan koyo, sai na tarar sun iya auna fulawa da sukari da bata daidai wa daida, amma da an zo kan kala sai a ajiye ma'auni a koma zubawa da ido. Kala kuwa ita ce abu ɗaya a cikin kwaɓin da ba ya ƙara ɗanɗano, ba ya ƙosarwa, kuma shi ne aka gindaya wa iyakar abin da jiki zai ɗauka.

Kuskure mafi muni shi ne sayen kala ta ƙulli, wadda ake ɗaurewa a leda babu suna, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa. Kalar da aka yarda a ci tana da suna da lamba: tartrazine ruwan ɗorawa ce mai lamba E102, sunset yellow mai ruwan lemo E110, allura red ja ce mai lamba E129. Garin da ke cikin ƙulli kuwa, mai sayarwar ma sau da yawa bai san asalinsa ba, kuma ido ba ya iya raba kalar abinci da garin rinin tufafi. Akwai wani jan rini da ake kira Sudan, wanda aka yi domin man takalmi da kakin goge daɓe da makamantansu, an kuma haramta shi a abinci saboda gwaji a kan dabbobi ya danganta shi da ciwon daji. A shekarar 2005 an janye ɗaruruwan nau'o'in abinci daga shagunan Birtaniya saboda an gano shi a garin barkono, a 2015 kuma hukumar abinci ta Ghana ta same shi a manjan da ake sayarwa a kasuwanni. Idan har ya iya shiga manja, mene ne zai hana shi shiga ƙullin leda?

Wannan kuskuren ya taɓa ja mini asarar da har yau nake jin zafinta. Ana gobe ɗaurin auren da aka ba ni aikin kek ɗinsa kala ta ƙare, yarinyar da ke taya ni aiki ta tsaya a bakin kasuwa ta sayo ƙulli domin ya fi araha, ta zuba a ayisin, wato haɗin sukarin da ake shafe kek da shi, ba ta faɗa mini ba. Ja ya fito ƙwarai, amma ya kama hannu da roba ya ƙi wankuwa, ga wani wari kamar na fenti. Na kwashe komai na zubar, na kwana ina sabon kwaɓi da kuɗin aljihuna. Da ta ce ai kowa shi yake amfani da shi, na ce mata yawan masu yi ba ya mayar da rini abinci. Tun daga nan, kwalbar da ba zan iya karanta jikinta ba ba ta shiga kicin ɗina, ko da kyauta aka ba ni.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar cewa tunda kala mai rajista ce, ko nawa aka zuba ba laifi. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa iyakar allura red a miligiram 7 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato yaro mai kilo 15 rabonsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Wannan yaron kuma ba kek ɗinki kaɗai zai ci ba; ya sha lemon kwalba, ya tsotsi alawa, ya sayi ƙanƙara mai kala a ƙofar makaranta. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Southampton ta Birtaniya a 2007 ya nuna ƙarin rashin natsuwa a wasu yara bayan sun sha abin da aka haɗa da irin waɗannan kaloli, shi ya sa tun 2010 dokar Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da guda shida daga cikinsu, har da ukun da na ambata. Ba kowane yaro abin yake taɓawa ba, amma ke da kike sayarwa ba ki san wanne ba ne.

Wurin da aka fi zarce gona da iri shi ne neman ja sosai ko baƙi wuluk, inda ake juye rabin kwalba har ayisin ya yi ɗaci, harshen yara ya rine. Ni dai da tsinken sakace nake ɗibar kalar jel, kuma nakan haɗa ayisin tun da daddare in rufe shi, domin kala tana ƙara nuna idan ta kwana. Baƙi kuwa daga ayisin mai garin koko nake fara shi, sai ɗan kaɗan ya isa. Haƙuri kawai ake buƙata, amma 'yan koyo sun fi son su ga launi nan take.

Sauran ƙanana ne. Zuba jar kala a zoɓo alama ce ta an cika masa ruwa, maganinsa a ƙara ganyen zoɓon. Juye kala a wata roba a jefar da kwalbarta yana sa a manta sunanta da ranar lalacewarta. Ƙyalƙyalin ado da ba a rubuta cewa ana ci ba, a cire shi kafin a yanka kek. Ja mai lamba E127 na daina saye, tunda Amurka ta soke izininsa a abinci a watan Janairun 2025. Idan kuma mai saye ya ce yana da asma, ko asfirin yana tayar masa da borin jini, kada a ɓoye masa cewa akwai tartrazine a ciki, domin takan jawo wa wasu ƙalilan ƙaiƙayi da kumburin fata. Irin waɗannan nakan yi musu ruwan ɗorawa da ɗan kurkur.